Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Abin da Zabuwar Kakana Ta Koya Mini

Ba kowace zabuwa ce za ka ɗauka ka kai daji ta kira maka 'yan'uwanta ba. Wata in ka ɗaure ta sai ta yi ta fizge-fizge har ta kori duk wani mai fiffike da ke wurin. Wata kuma ta yi gum, ko uffan ba za ka ji daga gare ta ba har rana ta take. A garke guda da ƙyar a samu ɗaya da ta dace, kuma gane ta ilimi ne da ba a rubuta a allo. Ni a wurin kakana na wajen uwa na same shi, a wani ƙauye tsakanin Zango da Ɓaure cikin ƙasar Daura, tun Katsina ba ta zama jiha ba, zamanin Sarki Muhammadu Bashar. Ban gaji harbi ba. Alli na riƙe, na yi ta koyarwa har furfura ta fito. Amma a duk abin da na karanta a makaranta babu wanda ya tsare mini mutuncina kamar wannan ilimin zaɓen zabuwa.

Baba Tsoho, haka duka jikokinsa muke kiransa, maharbi ne ɗan maharbi. A ɗakinsa akwai kwari da baka, akwai tsohuwar bindigar harba-ka-ruga da bai cika ɗauka ba saboda tsadar albarushi, akwai warki da ya sha hayaƙi ya yi baƙi ƙirin. Can sama kusa da rufi kuma akwai kan burtu. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin burtu da ido ba. Babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki da wani tudu a samansa, a ƙasa yake yini yana takawa a hankali yana tsintar ƙadangaru da fari da ƙananan macizai, sai in ya tashi ne za ka ga farin da ke ƙarshen fikafikansa. Barewa da gada da tuji sun saba kiwo kusa da shi, ba sa tsoronsa, kuma sun san yana da ido: muddin burtu bai razana ba, to wurin lafiya ne. Wannan amincewar maharban Hausa suka gano tun kaka da kakanni. Sai a samu kan burtu na gaske a busar, a dasa shi kan wani lanƙwasasshen itace da aka naɗe da fata, a yi masa ado da jan idon zakara, a sa maɗauri. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana kaɗa kai yana saran ƙasa kamar mai tsintar abinci, har ya isa inda kibiya za ta kai. Irin waɗannan kawunan yau suna cikin gidajen adana kayan tarihi a Turai, a bayan gilashi. Shi kuwa burtun kansa, tun 2018 hukumar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa shi cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu.

Lokacin da na yi wayo barewa ta riga ta yi nisa da mu. Farin 1973 ya ci daji, gonaki sun ci sauran. Kan burtu ya zama abin rataye. Abin da ya rage wa maharbi a wajenmu shi ne zomo da fakara da kurciya da zabin daji, su ma sai an nausa gabas wajen iyaka. Zabin daji kuwa ba a yi musu rarrafe. Garke suke tafiya, ido ya yi yawa, ɗaya na ganinka ya yi ƙara shi ke nan duka sun bazama cikin ƙaya. Don haka Baba Tsoho ya koma wata dabara: ya ɗauki zabuwar gida ya kai musu, ita ta yi kira, su zo da ƙafarsu.

Aikina shi ne ɗaukar kwandon da take ciki, saboda haka na ga yadda ake zaɓenta tun daga tushe.

Mace ce tilas. Duk wanda ya yi kiwon zabi ya san namiji ba shi da kuka sai guda, wannan kyarkyarar da yake yi in ya ga shaho ko baƙo. Kukan nan mai gaɓa biyu da ake ji ana maimaitawa da yamma, na mace ne ita kaɗai, kuma shi ne kukan neman 'yan'uwa. Sannan launi. A gidan akwai farare, akwai hurudu masu ruwan toka, akwai angulu baƙaƙe, ko kallonsu ba ya yi. Mai zanen saƙi yake nema, mai duhun jiki da ɗigon fari ƙanana, irin kamannin na daji sak. Yakan ce fara kyakkyawa ce a tsakar gida, amma a daji baƙuwa ce, kuma ba a zuwa wurin baƙo ido rufe. Ba ya son budurwa wadda ba ta taɓa ƙwai ba, don muryarta ba ta nuna ba kuma tsoro ya yi mata yawa. Ba ya son tsohuwa tukuf wadda ta gaji da kira. Yana son wadda kaza ta ƙyanƙyashe, ta taso a gindin turmi tana cin tsaba a tafin hannu, ta saba da ƙafar mutum har ba ta ɗauke shi abin gudu ba. Zabuwa tana kwana 26 zuwa 28 a cikin ƙwai, kuma tun daga ranar da Iya, tsohuwar gidan, ta zuba wa kaza ƙwan yake fara lura, ya ga wace 'yar tsako ce ba ta firgita in an ɗaga kwando.

Abin da ya fi daɗewa yana dubawa shi ne natsuwa. Sai ya ɗaura mata lallausar tsirkiyar fata a ƙafa, ya kafa ɗan turke a bayan gida, ya watsa gero, ya koma gefe ya zauna. Wadda ta miƙe wuya tana ƙifta ido tana jan igiya, ya kwance ta, ta faɗi. Wadda ta ɗan yi jim, ta yi kira, ta sunkuya ta ci gero, ta sake ɗagowa ta yi kira, ta tona ƙasa ta yi wankan ƙura, ita ce. Ya ce mini:

"Aboki, kira kaɗai ba ya kawo su. Kira yana sa su leƙo. Abin da ke sa su ƙaraso shi ne su ga kanta a ƙasa tana ci. Tsuntsun da ke ci yana gaya wa 'yan'uwansa babu komai a nan."

Saboda haka ba ya ƙosar da ita daren da za a fita, kuma ba ya barinta da yunwa mai tsanani. 'Yar yunwa kaɗan, daidai wadda za ta sa ta sunkuya.

Akwai sharaɗi na ƙarshe wanda ban gane nauyinsa ba sai da na girma. Dole ta kasance mai shaƙuwa da garkenta na gida. Zabuwa ba ta san an kawo ta aiki ba. Ba ta yi wa kowa ƙarya. An raba ta da 'yan'uwanta da asuba, ta tsinci kanta ita kaɗai a gindin wata kirya, kaɗaici ya kama ta, ta ɗaga murya tana neman nata. Kukan gaskiya ne, shi ya sa yake aiki. Zabin daji sun kwana a kan itace, sun sauko gari na wayewa, sun kama hanyar ruwa a jere kamar yadda suka saba, sai su ji 'yar'uwa tana kira. Su karkato. A kewaye da ita kuwa an binne asuta da aka murɗa da gashin wutsiyar doki, an rufe da ƙasa da ƙaiƙayi. Mu muna kwance cikin sabara, ba motsi. In biyu ko uku suka shiga, Baba Tsoho ya tashi da sauri ya yanka da bisimilla, bai taɓa barin tsuntsu yana wahala a tarko ba. Sauran garken su tafi. Bai kuma komawa wurin nan sai an daɗe.

Kwanakin baya wani ɗan ƙanena ya nuna mini hotunan bidiyo a waya na yadda mafarautan Amurka ke harbin talotalon daji, sai na ga ashe tunanin maharbi ɗaya ne ko'ina. A can talotalo yake da asali, har yau yana yawo a dazuzzukansu. Tsakanin Maris da Mayu, lokacin da mazan ke buɗe wutsiya suna neman mata, mafarauci yakan kafa mutum-mutumin macen talotalo na roba a fili, yadi 15 zuwa 20 daga inda zai ɓuya, ya riƙa kwaikwayon kukanta da wani ɗan akwatin katako ko wani abu da ake sa wa a baki. Su ma sai sun zaɓa. Akwai wadda aka ƙera kanta a ƙasa tana kiwo, akwai wadda ta miƙe tana dube-dube, akwai wadda ta kwanta kamar mai jiran namiji. Wasu sukan haɗa da mutum-mutumin matashin namiji a gefenta don babban ya ji kishi ya taho a fusace. Gogaggunsu suna cewa in kakar ta yi nisa, tsuntsaye sun sha harbi sun yi wayo, mai kai a ƙasa ta fi kwantar musu da hankali. Ga wata matsala da suke fama da ita: a ɗabi'ar talotalo mace ce ke zuwa wurin namiji, don haka wani lokacin in ya hango ta sai ya tsaya daga nesa ya buɗe wutsiya yana jira, ya ƙi ƙarasowa. Da Baba Tsoho yana raye da ya gyaɗa kai, don bai ji sabon abu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba robar ba ce, dokokin da aka kewaye ta da su ne. A farkon ƙarni na 20 saura ƙiris talotalon daji ya ƙare a Amurka, saboda sare daji da harbi ba ƙaidi. Wasu ƙiyasin sun ce bai wuce 30,000 ba a duk faɗin ƙasar. A 1937 aka yi dokar da ta sa kuɗin harajin bindigogi da harsasai ya koma gyaran daji da kula da namunsa. Sun gwada ƙyanƙyasar talotalo a keji suna saki, abin bai yi ba, don na keji ba ya iya rayuwar daji. Sai daga shekarun 1950 suka koma kama na dajin da raga mai harbawa suna kai su wuraren da suka ƙare. A 1973 mafarautan da kansu suka kafa ƙungiya ta ƙasa don wannan aiki. Zuwa farkon shekarun 2000 ana maganar kusan miliyan 7. Yau sai da lasisi ake fita, an ƙayyade kwanaki, an ƙayyade nawa mutum zai harba, kuma a wannan kakar ta neman aure mai gemu a ƙirji kaɗai aka yarda a taɓa, wato galibi namiji. Amfani da tsuntsu mai rai don kira kuwa, an haramta shi a farautar agwagin ruwa tun 1935, kuma jihohi da yawa sun hana shi a ta talotalo. Dalili a fili yake: ya cika ƙarfi.

Baba Tsoho bai san Amurka ba, bai kuma taɓa ganin takardar dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ba. Amma yana da tasa dokar. Daga ruwan farko har a kai gero rumbu, zabuwarsa ba ta leƙa daji. Kuma hujjarsa ta fi ta Amurkawa tsanani, don zabo ba talotalo ba ne. Namijin talotalo yakan bi mata da yawa ya wuce, ba ruwansa da reno, shi ya sa cire wasu daga cikin mazan ba ya karya zuriya. Zabin daji kuwa da damina garke yake watsewa su zama biyu-biyu. Mace tana kwanci cikin ciyawa, namiji yana gadi a kusa, in aka ƙyanƙyashe shi ma yana rufe 'yan tsaki yana nuna musu abinci. Ka kama namiji ɗaya a watan Yuli, ka kashe sheƙa guda. Kuma a daidai wannan lokacin ne kiran mace ya fi tasiri. Lokacin da makamin ya fi kaifi, lokacin yake mayar da shi kube.

A nan ne muka saɓa, ni da shi, kuma zan faɗi yadda abin ya kasance a raina ba tare da kwaskwarima ba. Daminar 1984 ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye. Shekarar da ta biyo baya, kafin sabon amfani ya nuna, rumbuna sun zama fanko. Muna cin tafasa da ɗan garin da aka samo. Wasu mutane biyu suka zo daga cikin gari suna neman ya ara musu zabuwar, ko ya sayar, da kuɗin da a lokacin zai sayi hatsi mai auki. Ina tsaye a bakin zaure na ji ya ce:

"Ku yi haƙuri. Ba ta fita da damina."

Da suka tafi na kasa daurewa. Na ce: "Baba Tsoho, ga yunwa a gida, ga abinci a daji, ga mai kiransa a akurki. Don me?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce: "Aboki, in na ci uwa da uba bana, baɗi me zan kira? Kuma in ta fita daga hannuna, wa zai dawo da ita gida da yamma?"

Washegari ya kora akuyarsa ɗaya tak zuwa kasuwar Mai'aduwa ya dawo da dawa a jaki. Na yi fushi da shi ƙwarai, fushin yaro mai jin yunwa, kuma fushin ya daɗe. Har yau ba zan ce wanda yunwa ta kora daji a wannan shekarar ya yi laifi ba. Shari'a ta san lalura. Abin da Risalar Ibn Abi Zaid ta karhanta shi ne farauta don wasa, ba don ci ba. Amma malaman zaure sun kuma karantar da mu hadisin da ke cikin Abu Dawud, na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya tana shawagi a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su su mayar mata. Baba Tsoho yana da akuyar da zai sayar, don haka a ganinsa lalura ba ta kai ba. Ya zaɓi ya yi asarar abin da yake nasa a kan ya ci abin da yake na kowa. Mutanen nan sun samo wata zabuwar a wani wuri. Ba zan ɗora musu ƙarewar zabin dajinmu su kaɗai ba, gatari da garma da maganin ciyawa da yawan jama'a sun fi su ɓarna. Amma cikin 'yan shekaru wannan gefen ya yi tsit da asuba.

Zabuwar tamu kuwa ta tsufa a gida. Da ta daina kira, Iya ta ce a yanka kafin ta mutu a banza. Ya ce a'a, wadda ta ciyar da gida ba za ta shiga tukunyar gidan ba. Ta mutu a gindin rumbu, ya haƙa rami ya rufe ta.

Ina ganin dokar nan tasa ba ta fi ƙarfinmu ba. Ƙetare iyaka ta Kongwalam ka shiga ƙasar Matamaye da Magarya, ka ga yadda manoma suka bar gawo da sauran itatuwa suka sake tsirowa a gonaki bayan farin shekarun 1980, har masu bincike suna maganar kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Inda itace ya dawo, wurin kwanan tsuntsu ya dawo. Muna da sarakunan baka, muna da dagatai da hakimai da maganarsu ke da nauyi. A ce daga saukar ruwa zuwa girbi ba tarko, ba kwasar ƙwai a sheƙar daji, wannan bai buƙaci kasafin kuɗi ba.

Shekaru masu yawa bayan rasuwarsa, ina koyarwa a cikin garin Daura, wani mutum ya yi mini sallama bayan la'asar. Mai fara'a, mai tsabta, ya iya gaisuwa. Ya ce wakilin wani kamfani ne da ake zuba kuɗi ana samun riba mai yawa duk wata. Kowa ya san labarin MMM da ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, da CBEX da ya ruguje a Afrilun 2025. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne, wani ne daban, ƙarami, irin waɗanda ke tsirowa su ɓace ba a ji su a rediyo ba. Na ce masa ba ni da kuɗin zubawa. Ya yi murmushi ya ce:

"Malam, ai ba kuɗinka muke so ba. Mu za mu buɗe maka, mu zuba maka, ƙarshen wata ka karɓi riba a hannunka. Abin da kawai muke roƙo, in za mu yi taro a unguwa ka zo ka zauna a gaba. In an tambaye ka ko an biya ka, ka faɗi gaskiya. Ba mu ce ka yi ƙarya ba."

Lokacin albashi ya yi jinkiri, maiɗakina ba ta da lafiya, ga kuɗin makarantar yara. Ina son kuɗin nan. Ban kore shi ba, na ce ya ba ni lokaci. Da dare na kasa barci ina ta kawo wa kaina hujjoji, kuma hujjojin ba marasa ƙarfi ba ne: ba zan karɓi kuɗin kowa ba, ba zan ce kowa ya shiga ba, abin da zan faɗa gaskiya ne. Sai na tambayi kaina, a duk unguwar nan me ya sa ni? Akwai masu kuɗi, akwai masu baki, akwai samari masu iya talla. Na fara lissafa abin da ya gani a jikina. Ɗan gari ne, an san gidansu. Ba yaro ba, ba tsoho tukuf ba. Ba mai ƙyale-ƙyale ba, rigarsa irin ta kowa. Mai natsuwa, ba a san shi da hayaniya ba. Iyaye sun ba shi amanar 'ya'yansu. Yana da 'yar buƙata, daidai wadda za ta sa ya sunkuya. Kuma in ya yi magana gaskiya zai faɗa. Jikina ya yi sanyi, don wannan lissafin na san shi, a bayan gidan Baba Tsoho na koye shi. Mutumin nan bai zo neman abokin ciniki ba. Ya zo zaɓen zabuwa, kuma ya iya zaɓe.

Da ya dawo na tambaye shi abu ɗaya: wace sana'a ce kuɗin ke yi har take haifar da wannan riba? Ya yi ta zagaye-zagaye, ya ambaci kasuwancin intanet, ya ambaci ƙasashen waje, bai nuna mini kanti ko gona ko mota ko takardar rajista ba. Na ce ya yi haƙuri.

Ya samu wani. Abokin aikina ne, mutumin kirki wanda na fi shi son duniya, Allah ya sani. An biya shi wata na farko da na biyu, ya faɗi gaskiya a taro, har ya zuba nasa kuɗin daga baya don ya yarda da abin da zuciya ɗaya. Saboda ganinsa a kujerar gaba mata suka kwashe kuɗin adashi, wata ta sayar da tumakin da take tara wa 'yarta na kayan ɗaki, wani ɗan acaɓa ya jinginar da babur. Ranar da ofishin ya wayi gari a kulle, baƙon ya yi layar zana. Wanda aka sani shi ne malam. Ƙofarsa aka cika. Bai ci ko kwabon kowa ba, amma shi ya sha zagi, shi ya je gaban hukuma, shi ya sayar da filinsa ya rage wa wasu asara, kuma har ya bar unguwar bai sake ɗaga kai a masallaci kamar da ba. A nan na gane rabi na biyu na maganar Baba Tsoho, wanda na ɗauka ƙarin zance ce kawai: wa zai dawo da ita gida da yamma? Shi yakan kwance tasa, ya ba ta ruwa, ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Waɗannan kuwa a turke suke barin tasu.

Ba a harkar kuɗi kaɗai ake wannan ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, nan maƙwabtanmu. Ban yarda cewa baƙon direba ne ke fitar da mace da goyo daga ɗakinta ta nufi Sahara ba. Abin da ke fitar da ita shi ne maƙwabciyar da ta je ta dawo da atamfa da kwanuka, ta faɗi gaskiyar abin da ta samu. Haka mai neman ƙuri'a yake neman limamin unguwa ya tsaya a gefensa a hoto, haka mai maganin bogi yake neman wanda ake girmamawa ya ce ya sha ya ji daɗi. Hausawa sun gama magana da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba mugaye ake nema don wannan aiki ba. Mugu ba ya kira a zo. Mutanen kirki ake nema, masu kamannin jama'a, waɗanda suka shekara talatin suna tara yarda ba su san dukiya ce ba. Shi ya sa nake magana da malaman makaranta irina, da limamai da ladanai, da uwayen adashi, da dattawan kasuwa, da duk wanda in ya zauna wuri mutane ke cewa tunda wane yana nan lafiya ne. In aka zo aka ce ba a son kuɗinka, fuskarka kawai ake so, to ka san ita ce mafi tsada a cikin abin da ka mallaka. Tambayi inda ribar ke fitowa har sai ka gane da hankalinka. Nemi shaidar rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, ka sa wanda ya iya ya duba maka ita, kada ka tsaya ga takardar da aka miƙo maka. Kuma kada ka ce ai ni ban karɓi kuɗin kowa ba: dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan harka da masu tallata ta. Ranar da ofis ya kulle, ƙofar gidanka mutanen unguwa suka sani.